Idan Hankalin Yaro Ya Rikice Ko Ya Ce Zai Kashe Kansa: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da yayye da malamai suke yi idan abu ya taso wa yaro, gida ya rikice, kowa ya rasa inda zai sa kansa. Da "yaro" ana nufin duk wanda bai kai shekara 18 ba, namiji ko mace, har da yarinyar da take ɗakin mijinta. Wanda abin yake faruwa a gabansa yanzu ya karanta amsoshi huɗu na farko ya kama hanyar asibiti, sauran za su jira shi.

Ta yaya zan gane abin ya wuce rigimar balaga, ya zama na gaggawa?

Yaro mai tashen balaga yakan yi fushi, ya kulle ɗaki, ya ƙi tuwon dare. Ba don wannan ake gudu asibiti ba. Abin da ba a kwana da shi a gida shi ne yaro ya furta cewa zai kashe kansa, ko ya ce gara ya mutu kowa ya huta, ko a tarar ya tanadi guba ko ƙwayoyi, ko ya yanki jikinsa. Haka nan idan ya fara jin muryoyi suna ba shi umarni alhali babu kowa, ko ya daina gane mutanen gida, ko ya ɗauki makami yana neman wani, ko ya yi kwana biyu zuwa uku bai runtsa ba yana ta surutu da kai-komo babu gajiya, ko kuma ya sandare, ba magana, ba ci, ba sha.

Akwai wata alama da take yaudarar iyaye. Yaron da ya yi makonni cikin ƙunci, rana ɗaya sai a ga ya saki jiki, yana bin kowa yana neman gafara, ya ba ƙaninsa wayarsa, ya biya 'yan basussukansa. Uwa ta yi hamdala ta ce ya warke. Wani lokaci wannan natsuwar ta wanda ya riga ya yanke shawara ce, kuma ranar ce ya fi buƙatar a tsaya a kansa.

Kada kowa ya ɗauka gidansa kaɗai abin ya faɗa wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma mutum ya halaka kansa yana cikin manyan abubuwan da ke ajalin matasa masu shekara 15 zuwa 29.

Abin yana faruwa yanzu. Me zan fara yi?

Kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Ko banɗaki zai shiga, a tsaya a bakin ƙofa, kuma kada ya sa sakata. Mutum ɗaya ya zauna da shi, wanda yaron ya fi sakewa da shi. Ba lallai uba ba. Wani yaron gwaggonsa ce, wani yayarsa, wani kawu. Sauran jama'a su ba da wuri. Tsakar gida cike da maƙwabta, wannan na salati, waccan na kuka, wani na ɗaukar bidiyo da waya, ƙara birkita yaro yake yi.

Wani kuma ya bi gida ya kwashe duk abin da zai iya cutarwa: maganin sauro na ruwa da na feshin gona, shinkafar ɓera, magungunan da ke cikin kwaba har da na hawan jinin Baba da na sugan Hajiya, wuƙaƙe, reza, igiya, fetur, kalanzir, bindiga in akwai. A rufe rijiya. Kada a raina wannan aikin. Zafin da ke ingiza yaro ya cutar da kansa sau da yawa yakan taso ne ya lafa cikin mintoci ko 'yan sa'o'i. Idan hannunsa bai kai ga komai ba a wannan tsakanin, akwai kyakkyawan zaton gari ya waye yana raye.

A yi masa magana ƙasa-ƙasa, a taƙaice. "Ina nan tare da kai." "Ba wanda zai dake ki." Ba lokacin wa'azi ba ne, ba lokacin tuna masa wahalar da aka sha a kansa ba ne. Sai a nemi abin hawa. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112, kyauta ce ko babu kati a waya, amma ba ko'ina motar asibiti take zuwa da wuri ba. A kira, a kuma tashi maƙwabci mai mota ko mai Adaidaita Sahu a lokaci guda. Wanda ya riga zuwa shi za a bi.

Ta sha fiya-fiya. In ɗura mata manja ko madara kafin mu tafi?

A'a. Ba manja, ba madara, ba ruwan gishiri, ba tsamiya, kuma kada a sa mata yatsa a maƙogwaro don ta yi amai. Manja ba ya karya guba. Yarinyar da ta fara fita hayyacinta, abin da aka ɗura mata yakan bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, sai cuta ta zama biyu. Idan fetur ko kalanzir ko sinadarin wanke banɗaki aka sha, aman kansa wata sabuwar illa ce.

Fiya-fiya da Sniper da wasu magungunan feshin gona aikinsu a jiki iri ɗaya ne. Yawu da gumi su yi ta zuba, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ƙirji ya cika da ruwa har numfashi ya gagara. Makarinsu allura ce mai suna atirofin, ana samunta a manyan asibitoci, kuma tana aiki sosai idan aka isa da wuri. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna, amma har yau ga su nan a bayan ƙyauren gidaje da yawa.

Abin da za a yi a gida kaɗan ne. Idan maganin ya zuba a tufafi, a cire su a wanke fata da sabulu, mai wankewar ya sa leda a hannu. A kwantar da ita ta gefe, ba rigingine ba, don amai ya fita waje. A ɗauki kwalbar ko kwalin a tafi da shi, a kuma riƙe lokacin da abin ya faru, domin likita zai tambaya.

Farasitamol shi ne mayaudari. Yaron da ya sha da yawa yakan tashi garau a ranar farko, a ce Allah ya kiyaye, sai a kwana na biyu ko na uku hanta ta fara lalacewa. Makarinsa ya fi aiki cikin sa'o'i 8 na farko. Don haka ko yaro yana tafiya da ƙafarsa yana rantsuwa cewa lafiyarsa lau, a kai shi a ranar.

Wane asibiti za mu je? Dole sai na masu taɓin hankali?

Wanda ya fi kusa. Idan akwai guba ko rauni ko zazzaɓi ko jijjiga, sashen gaggawa na kowane babban asibiti shi ne wurin zuwa, domin rai ake fara cetowa. Daga nan su rubuta takardar turawa.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Arewa akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa kuma suna da sashen ƙwaƙwalwa: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Jos. Iyalan da sunan Dawanau ko Kware yake yi wa nauyi a baki sukan fi sakewa da asibitin koyarwa, inda ba wanda ya san wane sashe ka nufa. Duk ɗaya ne, a je inda zuciya ta fi kwanciya.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da likitoci da nas-nas na yau da kullum su gane waɗannan larurori su fara magance su. Kada a ƙi likitan babban asibitin ƙaramar hukuma ana jiran ƙwararren da ke nisan kilomita 200.

Da safe lafiyarsa ƙalau, da yamma ya fara sambatu yana ganin abubuwa. Haukacewa ya yi?

Mai yiwuwa ba ita ba ce. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin sa'o'i, musamman ga ƙaramin yaro, an fi zargin ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana yin haka, musamman da damina. Sanƙarau yana yin haka lokacin zafi, da ciwon kai da sanƙarewar wuya. Taifot mai tsanani, faɗuwar sukarin jini, buguwa a kai, farfaɗiya, duk suna iya sa yaro ya yi surutai ya kasa gane uwarsa. Waɗannan suna kisa da sauri kuma suna warkewa da magani. A taɓa jikinsa: in da zafi, ko idonsa yana lumshewa yana buɗewa kamar mai gyangyaɗi, ko bai san inda yake ba, asibitin yara za a nufa a daren.

Idan jijjiga ta zo, a janye abin da zai buge shi, a juya shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Jijjigar da ta wuce minti 5 gaggawa ce ta kanta.

Idan na tambaye shi kai-tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ba ni zan sa masa tunanin ba?

Ba za ka sa masa ba. An yi bincike a kan wannan sau da dama, kuma tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi. Wanda yake ɗauke da shi kuwa sau da yawa sauƙi yake ji, don an buɗe masa ƙofar da ya kasa buɗewa.

Wahalar a wurinmu ita ce kunya. Uba bai saba zama da ɗan fari su yi irin wannan magana ba, wata uwar ko sunan 'yarta ta fari ba ta kira. To, a ajiye kara a wannan rana, ko a samo wanda babu kunya tsakaninsu. A zauna gefe da gefe, a ce: "Na ga kwanakin nan ba ka jin daɗi. Ka taɓa jin gara ka mutu?" In ya ce e, a ci gaba: "Ka yi tunanin yadda za ka yi? Ka tanadi wani abu?" Wanda ya riga ya shirya hanya da lokaci yana cikin hatsari mafi girma, yau za a kai shi.

Abin da ke rufe bakin yaro shi ne a tare shi da "A'uzubillahi, kana so ka shiga wuta?" ko "Me ka rasa a gidan nan?" Ya san haramun ne, tun yana Islamiyya ya sani, kuma sanin yana cikin abin da ke cin ransa. A saurara tukuna. Kuma kada a yi masa alkawarin ɓoye maganar, a ce masa, "Ba zan baza ba, amma sai mun gaya wa wanda zai taimaka."

Kakarsa ta ce aljanu ne, a kira mai ruƙiyya. Mahaifinsa ya ce asibiti. Wa za a bi?

Ba sai an yi rigima ba, domin addu'a ba ta hana allura. A tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi a cikin mota, Hajiya ta riƙe carbinta a bakin gado, liman ya zo dubiya. Iyalin da suke Kirista su kira fastonsu ya same su a can. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma neman maganin ba ya rage tawakkali.

Inda ake asarar yara shi ne a jera hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, asibiti a ƙarshe. A fara da malami mako biyu, a koma wani malamin wata guda, a gwada mai hayaƙi, sai an sayar da akuya da ɗan kunnen uwa sannan a isa asibiti da yaron da ya rame ya fita kamanninsa. Ciwon da ke sa jin muryoyi, gwargwadon daɗewarsa ba magani, gwargwadon wahalar dawowar yaro yadda yake. Sanƙarau kuwa ba ya ba da ko kwana uku.

Akwai abubuwa da yawa da suke kama da shafar iska alhali likita ya san su sarai. Wata farfaɗiyar ba ta kayar da mutum. Yaro ya ƙura ido, ya yi ta taune baki ko murza riga, ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Wasu magungunan hana amai irin su Maxolon sukan sa wuya ya karkace, ido ya kafe sama, harshe ya fito, gida ya ɗauki salati, alhali allura ɗaya ce take sake shi cikin mintoci. Yarinyar da take faɗuwa tana magana da wata murya kuma, sau da yawa akwai abin da ke cinta wanda ba ta da bakin faɗa: auren da ba ta so, ko wani da yake taɓa ta, ko tsoron jarrabawa.

Iyakar da ba a tsallakewa ita ce duka. Duk wanda ya ce zai zane yaro da bulala don aljani ya ji a jikinsa, ko ya shaƙe shi, ko ya turara masa barkono a rufaffen ɗaki, ko ya hana shi abinci, ko ya ce a fita a bar shi da yarinya su biyu, a ɗauke yaro a tafi. Jikin da ake duka na ɗanku ne. Haka nan duk wanda ya ce a daina maganin asibiti don ya karɓi nasa, ba mai taimako ba ne.

Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar gidan mari. Ba zai gyaru a can ba?

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum kusan 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, gajiya suka yi suka rasa mafita. Amma mari ba ya warkar da ciwon ƙwaƙwalwa, shiru kawai yake koya wa yaro, ya fito da tsohon ciwonsa da sabon rauni a zuciya.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta hana ɗaure mai wannan larura da sarƙa ko azabtar da shi.

Yana fashe-fashe, ya ƙi shiga mota. Yaya za mu yi?

A ba shi fili, kada a yi masa zobe, kada a zo masa ta baya, kada kowa ya riƙe sanda. A fitar da ƙananan yara. Wanda ke magana da shi ya tsaya ta wajen ƙofa, kuma kada ya yi gardama da abin da yaron yake gani ko ji. "Na ga kana jin tsoro, zo mu je inda za ka samu barci" ta fi "babu kowa a nan, ƙarya kake yi."

In ya zama dole a riƙe shi, manya uku ko huɗu su kama hannuwa da ƙafafu a tare, na ɗan lokaci. Kada a kifa shi rubda-ciki, kada a hau ƙirjinsa ko wuyansa, kada a toshe masa baki. Mutane sun mutu ta haka a hannun masu ƙaunarsu. Kada kuma a aika kemis a sayo maganin barci a niƙa masa a shayi. Ba a san abin da ya riga ya sha ba, haɗuwarsu na iya tsayar da numfashi.

'Yan sanda sai in akwai makami kuma rai yana cikin hatsari. In an kira su, a faɗa tun a waya cewa mara lafiya ne kuma asibiti ake son kai shi, wani babba na gida ya shiga motar tare da su.

An ce yunƙurin kashe kai laifi ne. Ba za a kama mana yaro ba?

Gaskiya ne sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin halaka kansa. Doka ce da aka gada tun zamanin Turawa, likitoci da lauyoyi sun daɗe suna neman a soke ta, kuma a ganina suna da gaskiya: tsoronta yana sa a ɓoye yaro a ɗaki har guba ta gama aikinta. Aikin likita a sashen gaggawa ceton rai ne. A gaya masa ainihin abin da aka sha da yawansa. Iyayen da suka ce "kuskure ne, ɗan kaɗan ne" don kare suna, magani suke karkatarwa.

Ba mu da kuɗi a hannu.

A tafi a haka. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A aikace za a iya rubuto allura da ruwa a ce a sayo, don haka wani ya tsaya yana buga wa dangi waya yayin da ake duba yaro. A tambayi ofishin walwalar marasa lafiya, manyan asibitoci suna da shi. A kuma gaya wa likita halin da ake ciki ba kunya, domin da yawa daga tsofaffin magungunan ƙwaƙwalwa masu araha ne kuma suna aiki.

Me za su yi masa? Muna jin ana yi wa mutum allura ya zama wani iri.

Za su fara da jiki: zafi, hawan jini, sukari, gwajin zazzaɓi. Sai tambayoyi, ga iyaye da kuma ga yaron shi kaɗai. Kada a ji haushi in an ce ku ɗan fita. Akwai abin da yaro ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba ko za a yanka shi. Ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa ana sallamarsu a ranar da magani da ranar dawowa.

Allurar kwantar da hankali takan sa barci mai nauyi kwana ɗaya ko biyu. Sanƙarewar jiki, rawar hannu da zubar yawu da mutane ke gani su tsorata, illar wasu magunguna ce da ake gyarawa ta rage yawan maganin ko sauya shi. A koma a faɗa, kada a watsar da magani a gida. Maganin ciwon damuwa kuma ba ya aiki a rana ɗaya, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6, kuma a makonnin farko ana ƙara sa ido a kan yaro. Iyaye suna da haƙƙin su tambayi sunan kowane magani da dalilin ba da shi.

Mun gano yana shaye-shaye. Wannan ma na asibiti ne ko na horo?

Na asibiti ne, idan har hankali ya gushe. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Taramol yana kawo jijjiga. Kodin da ƙwayoyin barci suna rage numfashi. Yaron da ke munshari mai nauyi kuma ba ya tashi in an girgiza shi ba barci yake ba, a ɗauke shi. Wiwi tana iya tayar da jin muryoyi da zargin mutane, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci kuma, yanke ta rana ɗaya a kulle shi a ɗaki yana iya jawo jijjiga, shi ya sa likita ke rage ta sannu a hankali. Hukumar NDLEA tana da layin neman shawara na kyauta, 0800 1020 3040.

A kuma tambayi abin da ya kai shi. Yara da yawa damuwa ce ta riga ƙwaya zuwa.

'Yata ta haihu kwana biyar, ba ta barci, tana cewa jaririn ba nata ba ne.

Wannan gaggawa ce. Rikicewar hankali bayan haihuwa takan zo cikin mako biyun farko, tana samun mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1,000, kuma tana warkewa sosai da magani. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada kuma a jira a yi suna. In akwai ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburi, ko zazzaɓi, zai iya zama hawan jinin haihuwa ko ƙwayar cuta, sai a koma ɗakin haihuwa nan take. Ba maita ba ce, ba kishiya ba ce, ba ƙin miji ba ne.

Idan fyaɗe ko garkuwa ne ya jawo fa?

Kalma ta farko ita ce "na yarda da ke, ba laifinki ba ne", haka ma ga yaro namiji, don su ma ana yi musu. A je asibiti cikin sa'o'i 72, domin a cikinsu ne maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki yake aiki. Akwai cibiyoyi na musamman: Waraka a asibitin Murtala na Kano, Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato.

Yaron da ya dawo daga hannun 'yan bindiga yakan yi firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance, ya zabura da ƙarar babur. Kada a sa shi maimaita labarin ga kowane mai zuwa jaje. A mayar masa da abin da ya saba: abinci a kan lokaci, barci kusa da wanda ya amince da shi, abokan wasa. In bayan wata guda abin bai ragu ba, ko ya daina magana, ko ya ambaci mutuwa, a kai shi.

Ni malami ne, iyayen suna nesa. Ina da hurumin kai shi?

Kana da shi, Malam, ko a makarantar kwana kake ko a tsangaya. A gaggawa ba a jiran izini kafin a ceci rai. Ka sa wani ya zauna da yaron, ka sanar da shugaban makaranta ko mai unguwa, ku tafi, a kira iyaye a hanya. Abin da ba a yi shi ne a fito da shi gaban taro don ya zama darasi, ko a kore shi gida shi kaɗai a motar haya.

In mutane suka ji, wa zai aure ta?

Tsoron nan gaskiya ne, ba kuma za a ce wa uwa ta share shi ba. Amma ba dole unguwa ta sani ba. Ma'aikatan lafiya wajibi ne su riƙe sirrin mara lafiya, ku kuma ku zaɓi mutum biyu ko uku da za su sani. Sauran "ba ta jin daɗi, muna asibiti" ya ishe su. Abin da ke fallasa gida shi ne ciwon da aka ɓoye har ya fito titi da kansa. Yaran da aka kai da wuri da yawansu suna komawa aji, su gama karatu, su yi aure.

An sallame mu. Shi ke nan?

Makonni da watannin farko bayan sallama suna cikin lokutan da aka fi samun maimaitawa, don haka yanzu ne aikin gida ya fara. Magani ya zauna a hannun babba, a kulle, a riƙa ba shi na lokaci ɗaya ana gani ya haɗiye. Guba da makami kada su dawo gidan. Kada a tsallake ranar komawa asibiti ko da ya warware, kuma kada a tsayar da magani don ya yi ƙiba ko don azumi ya zo; a tambayi likita yadda za a sauya lokutan sha.

Wata rana da hankalinsa yake kwance, ku zauna tare ku rubuta a takarda: alamun da yake ji idan abin zai taso, mutum uku da zai kira da lambobinsu, da asibitin da za a nufa cikin dare. Ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurinku. A ja kunnen ƙanne da abokan wasa kada a riƙa tsokanarsa da "mahaukaci". A duba abin da ya tayar da ciwon tun farko, in bashi ne ko aure ko duka a makaranta ko wani mutum a cikin gida, a taɓa shi da gaske, don magani ba ya sauya halin da yaro zai koma ya tarar.

Uwar da ta yi makonni tana kwana a zaune ita ma a karɓe ta ta yi barci. In ita ce ta fara kuka ba dalili ko ta kasa cin abinci, ta gaya wa likitan a ranar da aka koma da yaron.